Kayan maƙerar Baba a Atbara: in sayar wa masu awon ƙarfe ko in adana?

Ɗan Maƙeri, Atbara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma zan ɗan tsawaita, ku yi haƙuri da ni, don maganar ta kwana biyu tana cina a rai.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, wata bakwai ke nan da rasuwarsa. Shekara 36 ya yi yana aiki a warshar jirgin ƙasa ta nan Atbara, a ɓangaren maƙera. Ya shiga yana yaro mai koyon aiki a 1958, ya fito a 1994 kansa duk furfura. Ga wanda bai san garinmu ba, nan ne cibiyar jirgin ƙasan Sudan, kuma kirarinsa da Larabci Madinatul Hadid wan Nar, wato birnin ƙarfe da wuta. Layin dogo ya iso nan daga Wadi Halfa a 1898, lokacin da sojojin Ingila da na Masar suke haurowa za su yaƙi Halifa, magajin Mahadi, a Umdurman. Tsohuwar gadar ƙarfe da ke kan kogin Atbara wani kamfani ne na Filadelfiya ta Amurka ya ƙera ta, aka buɗe ta a 1899. A 1906 layi ya kai bakin Bahar Maliya, daga nan garin ya zama na masu guduma.

Da jiniyar warsha na tashi, wadda muke ce wa saffara. Idan ta busa da safe titi cika yake da kekuna, kowa da ƙunshin karin kumallonsa a rataye. Inna ba ta taɓa duba agogo ba, da saffara take ɗora tukunya, da ita take saukewa. Baba kuwa kunnensa na hagu ya mutu tun ina firamare saboda ƙarar babbar gudumar tururi, shi ya sa duk mai son magana da shi sai ya zagayo ta damansa. Har yanzu in na shiga zauren sai in ga na bi ta wannan gefen.

Da ya ajiye aiki bai ajiye guduma ba. Ya buɗe 'yar maƙera a zauren gidanmu, yana yi wa manoman bakin kogi fartanya da lauje da gatari, yana gyara ƙarafan amalanken jaki, wanda a nan ake ce wa karo. Abin da ya bari shi ne nake tambaya a kai. Akwai babbar uwar maƙera irin ta Turawa mai ƙaho, ta kusa kilo 90, a gwanjo ya saye ta. Akwai wata ƙarama da ya yi da gutsuren dogo, a jikinta an buga 1905. Awartaki goma sha ɗaya, duk shi ya ƙera su da hannunsa, babu biyu masu baki iri ɗaya. Ga masaba da kurfi da magagari, ga tulin sifirin ɗin mota da yake sara yana yin wuƙa. Sai zugazugin fatar akuya na kakanmu, wanda ya taso da shi daga ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar aikin Hajji, yana ƙira a hanya yana samun guzuri, har aure ya tsayar da shi a nan. A cikin wani gwangwani na tarar da lambar tagullar da Baba ke rataya a ƙofar warsha kowace safiya, da wani littafi mai baƙin bango cike da zane da awo. Lambobin da inci ne, bayanin kuwa Hausa ce da ajami, kuma ni ajamina bai kai in karanta rubutun gaggawa ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Ni mai walda ne, shagona yana unguwar masana'antu ta Bahri, arewacin Kartum. Da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 na baro shi da kayan jikina, na dawo gida da iyali. Yanzu mu goma sha tara ne a gidan da aka gina don mutum takwas. Yayanmu babba ya ce a kwashe zauren a ba ƙanwarmu da 'ya'yanta huɗu, ƙarfen kuma a sayar. Masu sayen hurda, wato tsohon ƙarfe, kullum suna wucewa da sikelinsu. Ɗaya ya shigo ya ɗaga awartakin Baba guda uku a hannu ɗaya ya jefa a sikeli kamar itacen girki. Wallahi sai da na fita waje. Kuɗin da ya yi wa kayan gaba ɗaya bai fi na buhun dawa biyu ba.

Ban ga laifin Yaya ba, shi ke ɗauke da gidan. Na roƙe shi ya ba ni zuwa bayan Sallah. Burina in ware ko da kusurwa ce in jera kayan nan yadda yaranmu za su gani su san daga inda tuwonsu ya fito. To amma a wannan hali da ake ciki, wauta ce mutum ya damu da tsohon ƙarfe? In kuma adanawa za a yi, yaya ake yi tsatsa ba ta cinye shi ba? Kuma akwai inda aka taɓa adana masana'anta sukutum bayan ta mutu, ko kowa yankawa yake a kai sikeli?

Abu Hamza, Gadarif

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa wutar duniya ce kawai rabonsa.

Ɗan'uwa, ni sana'ata ke nan, hurda nake saye shekara ashirin, don haka zan faɗa maka abin da wasu za su ji nauyin faɗa. Ƙanwarka da yara huɗu sun fi guduma buƙatar ɗaki. Kuma kafin maganar tarihi akwai maganar gado. Kayan nan ba naka ba ne kai kaɗai, haƙƙin magada ne, har da Inna da 'yan'uwanka mata. Idan kana so, a kira mutum biyu masu gaskiya su yi musu kuɗi, a cire daga rabonka. In ka riƙe su haka kawai don zuciyarka ba ta so, ka ci haƙƙin wasu da sunan son uba.

Sannan ku daina ganin mu kamar angulu. Ƙarfe ba ya mutuwa. Abin da muka tara narka shi ake yi ya dawo rodi, kuma da rodin nan za a sake tayar da gidajen da aka rusa. Shi kansa Baba da me yake wuƙa? Ba da sifirin ɗin motar da ta mutu ba?

Amma wanda ya zo maka ya so ya cuce ka, ko kuma bai san aikinsa ba. Uwar maƙera mai lafiya ba a sayar da ita da kilo. Ka buga ta da ƙaramar guduma, in ta amsa da ƙara mai tsayi babu tsagewa a cikinta, kuma duk maƙerin da ke aiki zai biya ninkin abin da sikeli zai ba ka. Tulin sifirin da guntaye, waɗannan ka sayar, ba wanda zai yi kukansu. Gutsuren dogon nan kuwa kada ka fito da shi kasuwa, ni kaina ba na sayen dogo ko an kawo mini da araha, don ba ka sanin wanda ya kwanto shi daga layi da dare. Naka yana da asali, ka bar shi a gida.

Ummu Rayyan, Madina

Allah ya gafarta masa, ya ba Inna haƙuri. Ɗana, ba wauta ba ce.

Ni a Madina aka haife ni, amma kakannina ta ƙasarku suka biyo, sun yi shekaru a Sudan kafin su tsallako ta Sawakin. Tambayarka ta uku ce ta sa na ce bari in sa baki. A nan unguwar Anbariyya, ba nisa da Masallacin Annabi (SAW), akwai tsohuwar tashar jirgin ƙasan Hijaz. Sarkin Musulmin Turkiyya Abdulhamid na biyu ne ya fara aikin a 1900 da gudummawar Musulmin duniya, jirgi ya iso Madina daga Dimashƙa a 1908, tafiyar kilomita kusan 1,300. Hanyar da alhazai ke yi kwana arba'in a kan raƙumi ta dawo ƙasa da mako guda. Bai yi tsawon rai ba, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya lalata shi, kuma bai taɓa kaiwa Makka ba. Ina yarinya wurin kango ne, muna wucewa ba ma ko kallonsa. Daga baya aka gyara ginin aka mai da shi gidan tarihi, da kan jirgi da taragai a tsakar fili.

Na kai jikokina. Ƙaramin ya tsaya gaban kan jirgin nan baƙi, ya kasa rufe baki, ya ce Jidda (wato kaka), wa ke hura wutar? To ka ga, a nan na yi shiru. Na san sunan sarkin da ya ba da umarni, amma wanda ya tsaya a bakin wuta da shebur cikin zafin Hijaz ban san ko sunansa ba. Kai kuma abin da ke hannunka ke nan. Kana da lambarsa, kana da rubutun hannunsa, kana da matarsa a raye.

Don Allah kafin ka taɓa ƙarfe ko ɗaya, ka zauna da Inna ka kunna wayarka ta yi magana. Ka tambaye ta yadda take wanke kayan aikinsa, da abin da take shafa masa in ya ƙone, da ranar albashi. Maigidana tela ne, da ya rasu na bayar da kekensa a sati na biyu don ganinsa yana sa ni kuka. Ban yi nadamar sadakar ba, amma akwai wani littafin awon mutane da ya bi keken ya tafi, sunayen rabin Hausawan unguwarmu na shekara talatin, har yau ina jin zafinsa. Littafin nan naka ka ɗauki hoton kowane shafi yau, kada ka jira gobe, ka tura wa mutum uku a garuruwa daban-daban.

Injiniya Abu Safwan, Jubail

Allah ya jiƙan magabata. Yayana, ni a masana'antar ƙarfe nake aiki a nan Jubail, kuma abin da Alhaji na Gadarif ya faɗa gaskiya ne, da idona nake ganin hurda tana shiga tanderun lantarki ta fito sabon ƙarfe. Amma ba kowane ƙarfe ya kamata ya shiga ba.

An taɓa tura mu kwas Jamus, ranar hutu aka kai mu wani gari Folklingen, kusa da iyakar Faransa. Masana'antar narka tama ce da aka kafa a 1873, ta daina aiki a 1986. A ganiyarta, wajen 1965, mutum fiye da 17,000 ke aiki a cikinta. Da ta mutu ba a yanka ta ba, a 1994 hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya. Manyan tanderu shida suna nan tsaye, ana hawa har sama a bi ta hanyar da taragan tama da kwal ke bi. Abin da ya fi tsaya mini shi ne ɗakin injinan hura iska. Kowane inji ya kai girman gida, ƙafar da ke juya shi ta fi tsayin mutum uku, ƙanshin mai bai bar wurin ba. Ina tsaye sai na tuna cewa aikinsu ɗaya ne da zugazugin kakanka, iska ce ake tura wa wuta ta ƙara zafi. Kuma ba su ɓoye abin kunya ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an sa mutum fiye da 12,000 aikin dole a wurin, da yawansu fursunoni da waɗanda aka kwaso daga wasu ƙasashe, an ware musu wurin tunawa a cikin masana'antar.

A nan Saudiyya ma an fara. A Disambar 2020 aka yi wa tsohon bututun man Tapline rajista a matsayin wurin tarihin masana'antu na farko a ƙasar. Shi ne wanda ya fara aiki a 1950 yana kai mai daga gabas har Saida ta Labanan, garuruwa irin su Arar da Rafha da Turaif a gefensa suka girma. Bututu ne fa kawai a cikin hamada, amma an gane cewa shi ya haifi garuruwan.

Yanzu maganar tsatsa, tunda kai mai walda ne zan gajarta. Babban kuskuren da za ka yi shi ne ka ɗauko giranda ka goge su su yi ƙyalli. Kada ka kuskura. Baƙin da ke jikin awartaki da santsin da hannunsa ya yi wa mariƙin, su ne shaidar. Buroshin waya mai laushi ya isa, ka cire jar tsatsa mai garin nan kawai, ka goge da busasshen tsumma, sannan ka shafa mai tsabtatacce kaɗan ko kakin zuma. Ban da baƙin man da aka juye daga mota, yana da datti kuma yana cin ƙarfe a hankali. Ban da fenti. Ka ɗaga komai daga ƙasa ka ɗora a kan katako, don garinku busasshe ne amma damina in ta zo da ambaliya raɓar ƙasa ce ke kashe kaya. Ka riƙa duba ƙotoci saboda gara. Lambar tagulla kada ka goge ta da toka ko lemun tsami, rubutun zai shafe. Littafin kuma ka raba shi da ƙarfe da mai gaba ɗaya, ka naɗe shi a farin ƙyalle, kada ka sa a leda.

Zugazugin shi ya fi ba ni tsoro. Fata ce da ta haura shekara tamanin, in ka matsa ta za ta tsage. Shawarata kada a sake hura shi, a ajiye shi a inuwa, nesa da ɓera.

Ka ɗaura wa kowane abu 'yar takarda da lamba, ka rubuta sunansa da Hausa da Larabci da aikin da yake yi. Wanda ba ka sani ba ka nemi tsofaffin warsha tun suna nan.

Ɗan Maƙeri, Atbara

Na gode ƙwarai. Alhaji Abu Hamza, maganar gadon nan ta dake ni, don gaskiya ban kalle ta ta nan ba, ina ganin kamar ni da na gaji sana'ar ni ne mai kayan. Allah ya saka. Hajiya, na ɗauki hoton littafin jiya da dare, shafi 64 ne. Injiniya, saura kaɗan da na sa giranda, har na sayo faifai.

Malam Na Maiwurno

Salamu alaikum. Allah ya kai haske kabarinsa. Yaro, na karanta duka, kuma shekaruna sun ba ni damar in ce maka yaro.

Ni malamin makaranta ne mai ritaya, mutumin Maiwurno, yanzu ina zaune Kasala wurin ɗana. Garinmu ka san asalinsa, bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a gabas har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu. A cikin ayarin nan da waɗanda suka biyo baya akwai maƙera, don ba a kafa gari babu mai yin fartanya. Mutanenmu sun yi aikin dam ɗin Sinnar da aka gama a 1925, sun yi noman auduga a Jazira, amma in ka buɗe littattafan makaranta da na koyar shekara talatin ba za ka gan mu a ciki ba. Shi ya sa littafin babanka ya fi ƙarfin gidanku. Bahaushe ne ya rubuta aikin warshar Atbara da harshensa. Ka turo mini hotunan, ina karanta ajami, zan mai da maka shi boko shafi-shafi, ba na son ko sisi.

Kuma ba sai ka je Jamus ba, ko da yake na ji daɗin bayanin Injiniya. Kudu da ku, kafin a kai Shandi, akwai Bajarawiya, tsohon birnin Marawi na sarakunan Kush. Kowa dalar kaburbura yake zuwa kallo. Ni da na kai ɗalibai, wasu baƙaƙen tuddai na nuna musu a gefen birnin. Ba duwatsu ba ne, kashin ƙarfe ne, abin da ke saura in an narka tama. Ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ake narka ƙarfe a wurin, aka yi ta yi sama da shekara dubu, har wani Baturen Ingila a 1912 ya kwatanta shi da Bamingam, garin maƙeran ƙasarsu. Layin dogon da ya taso daga garinku zuwa Kartum ta tsakiyar ɗaya daga cikin tuddan nan ya ratsa. Na sa yaro ya ɗauki guntu ɗaya a tafinsa, mai nauyi, mai ƙuraje kamar busasshen kashin shanu, na ce masa wani ya yi gumi a kan wannan, sannan na sa ya mayar inda ya ɗauka. Wurin ya shiga jerin UNESCO a 2011, kuma masu bincike sun sake gina irin tanderun suka hura don su gane yadda ake yi, saboda babu sauran mai iyawa.

A nan nake so ka tsaya. A ƙasar Hausa ma haka ta faru. Kano kanta labarin kafuwarta na maƙera ne da suka zo neman tama a Dutsen Dala. Da jirgi ya iso a 1911 ƙarfen Turawa ya cika kasuwa, aka daina wahalar haƙar tama, cikin 'yan shekaru ilmin ya bi tsofaffi kabari. Kayan aiki in babu mai sarrafa su, ba su faɗin komai. Don haka na yarda da Injiniya a kan zugazugin kakanka, a bar shi ya huta, amma a ɗinka sabo irinsa, a kunna wuta ko sau ɗaya a mako, yaran gidan su ja.

Game da halin da ake ciki, ka ji abin da ya sami gidan tarihi na ƙasa a Kartum, an wawashe shi. Abin da ya rage wa ƙasar nan da yawansa a zaurukan mutane yake. Na san akwai gidan tarihin jirgin ƙasa a nan Atbara, in hankali ya kwanta ka kai musu kwafin littafin, amma asalin ya zauna wurinku.

Ɗan Maƙeri, Atbara

'Yan'uwa, na dawo in ba ku labarin inda aka kwana, don bai kamata in karɓi shawara in ɓace ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar limamin unguwarmu da wani maƙeri daga kasuwa suka zo suka yi wa kayan kuɗi a gaban kowa, har da Inna da 'yan'uwana mata. Na karɓi awartakin da gudumomin da ƙaramar uwar maƙera da zugazugi a cikin rabona. Littafin da lambar tagulla duka muka yarda na gida ne, a akwatin Inna za su zauna. Tulin sifirin an kai sikeli. Babbar uwar maƙerar na buga ta kamar yadda Alhaji ya ce, ta amsa har cikin haƙorina. Maƙerin nan ya saye ta da daraja, aka raba kuɗin. Na ji ciwon fitarta, mutum huɗu suka ɗauke ta, gurbin da ta bari a ƙasa ya yi zurfin yatsa biyu. Amma tana kasuwa ana dukanta, in na wuce ina jin muryarta. Ƙanwata ta shiga zauren. Ni kuma na kafa rumfar kwano a bayan gida, taku huɗu da uku, na jera kayan a kan katako.

Hajiya, na zauna da Inna. Da farko ta ce me za ta faɗa, ita ba ta taɓa shiga warsha ba. Sai da ta yi awa biyu tana magana. A bakinta na ji cewa zoben ƙarfen da ke hannunta ba saye aka yi ba, Baba ne ya ƙera mata daga kan ƙusa shekarar da aka haifi Yaya, lokacin babu kuɗin azurfa. Shekara hamsin ina ganin zoben nan ban taɓa tambaya ba.

Na kuma nemo abokin aikin Baba, wani dattijo ɗan arewacin Sudan da muke ce wa Ammu, ya haura tamanin, ido ya yi rauni. Na ɗauko shi a karo. Bai nemi a kunna fitila ba, hannu ya miƙa. Duk awartakin da na sa masa sai ya shafa bakinta ya faɗi aikinta: wannan ta kama zagayayyen ƙarfe ce, wannan ta ƙusar dogo, wannan mai lanƙwasa ta ciro abu daga can cikin wuta. Da ya zo kan wata mai gajeren mariƙi sai ya yi shiru, ya ce tare suka yi ta, ranar da babana ya ƙone a dantse. Daga nan ya shiga ba yara labarin da shi ma ya ji daga manyansa, yadda ma'aikatan warsha suka kafa ƙungiyarsu a 1946, da yajin aikin 1948 da aka yi kwana 33 saffara tana busawa ba mai fita, mata suna haɗa abinci gida-gida. Ɗan ƙanwata mai shekara goma sha ɗaya, wanda tun da muka baro Bahri ba ya son magana, shi ya riƙe wayar har ƙarshe, kuma shi ya rubuta takardun lambar da hannunsa.

Malam, na tura maka hotunan ta akwatin saƙo. Shafi na 12 da na 13 ruwa ya taɓa su, in ba su fito ba zan sake ɗauka da rana. Fatar akuya kuma na yi magana da wani baduku, ya ce bayan Sallah fata za ta yi araha, zai zo ya auna tsohon ya ɗinka sabo ba tare da ya kwance shi ba.

Saura abu ɗaya. Awartaki ta tara Ammu ya juya ta ya juya, ya ce bai san ta ba, ba ta warsha ba ce. Bakinta ɗaya faffaɗa ne kamar cokali, ɗayan siriri mai ƙugiya, tsawonta kamu biyu, kuma ƙarfenta ya fi na sauran baƙi da kaushi. Inna ta ce tun zuwanta gidan take ganinta tare da zugazugin, wato mai yiwuwa kakanmu ne ya zo da ita. Na ɗora hotonta a ƙasa. In akwai ɗan maƙera daga wajen Katsina ko Daura ko Maraɗi a nan, don Allah ya nuna wa tsofaffin gidansu.